Wa zai zauna a ɗakin sarrafa tashar? Muhawara kan horar da ma'aikatan nukiliya

Malam Habibu Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk lokacin da aka ta da zancen tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya, abu biyu ake tattaunawa, wuri da kuɗi. A ce Geregu a jihar Kogi, a ce Itu a Akwa Ibom, a kawo yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Ban cika jin wanda ya tambayi wa zai zauna a ɗakin sarrafa tashar da ƙarfe ukun dare ba, ko wa zai binciki aikin mai zaman. Dokar da ta kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, NAEC, tun 1976 take, amma sai 2006 aka farfaɗo da hukumar ta fara aiki sosai. Shekara talatin ke nan, tsawon aikin ma'aikaci guda tun daga ɗauka har kusan ritaya. Matsayina shi ne horar da mutane ya kamata ya riga zuba siminti da shekaru masu yawa, kuma mafi yawan horon a gida ya kamata a yi shi, tura yara waje ya zama ciko. Ina son jin masu ja.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Ni ne na farkon masu ja, Malam Habibu. Geregun nan da ka ambata, ka san me ke maƙwabtaka da ita? Ajaokuta. A 1979 aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarafa, aka kwashi matasanmu aka kai su Sobiyet da Indiya suka koyi narka tama, suka dawo da iliminsu cike da kai. Babban murhun narka taman har yau ba a kunna shi ba. Waɗancan matasa sun tsufa suna jira, wasu sun rasu, ilimin ya bi su. An yi abin da kake kira a yi, an horar kafin a gama gini, ga inda aka kwana.

Na biyu, na yi aikin wuta har na ajiye, na san layinmu. Abin da babban layin ƙasa ke iya rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada inji guda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layi gaba ɗaya, domin in ya tsaya farat ɗaya kada ya ja kowa ƙasa. Riyakta, wato tukunyar da makamashin nukiliya ke ba da zafi a cikinta, guda ɗaya ta Rasha irin VVER-1200 megawat 1,200 ce. Ku yi lissafin da kanku. Tashar ba kusa take ba. Yaron da ka horar yau, Kanada ko Abu Dhabi ka horar wa.

Malam Habibu Samaru: Baba Injiniya, maganar layi ban musa ba. Amma Ajaokuta ba horon ne ya gaza ba, ginin ne aka ƙi ƙarasawa.

Injiniya Bala: To ai shi nake faɗa maka, ɗana. Wa ya ba ka tabbacin wannan za a ƙarasa?

Dakta Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in shigo tsakani. Ku biyun kuna magana kamar aikin nukiliya shi ne tashar lantarki kaɗai, alhali ƙasar nan ta daɗe cike da kayan da ke fitar da radiyeshan, kuma kowannensu yana buƙatar wanda ya san shi. Sashen gashin cutar daji a Shika da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ba ya tafiya sai da masanin fiziks na asibiti, wanda zai auna ƙarfin hasken da injin ke fitarwa, ya lissafa adadin da zai isa ƙari ba tare da ya ƙona lafiyayyen nama ba. Likita ne ke rubuta adadin, amma wannan mutumin ne ke tabbatar da cewa abin da aka rubuta shi ya shiga jikin majinyaci. Kamfanonin mai suna zura sinadarai masu radiyeshan cikin rijiya don su gane irin dutsen da ke ƙasa. Masu shimfiɗa bututu suna ɗaukar hoton walda da su don gano tsagar da ido ba ya gani. A Sheda kusa da Abuja akwai cibiyar haska kaya da hasken gama. Duk waɗannan hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta ƙasa, NNRA, ce ke ba su lasisi tana bincikarsu. Dokarta ta 1995 ce, ta fara aiki a 2001, kuma sufetocinta dole su san aikin fiye da wanda suke bincika.

Ga abin da ke faruwa in babu masu sani. A 1987 a garin Goiânia na Brazil, masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ɗauke kan injin gashin daji, suka fasa shi. A ciki akwai garin sinadarin siziyom 137 mai ƙyallin shuɗi a duhu. Aka sayar wa mai jari-bola, ya kai gida yana nuna wa iyali da maƙwabta. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida, aka auna jikin mutum sama da 100,000, aka rushe gidaje. Babu tashar lantarki a labarin nan ko ɗaya. Ku tuna yawan 'yan gwangwan da ke yawo a garuruwanmu. Ko ba za a taɓa gina komai a Geregu ba, muna bukatar mutanen nan yau.

Injiniya Bala: Wannan na karɓa, Dakta. In don asibiti da bincike ne a horar, babu gardama. Amma wannan mutum ɗaruruwa ne, ba dubbai ba.

Fa'iza: Don Allah ina da tambaya, ni ɗaliba ce, ina aji uku a fiziks. Da gaske ne akwai riyakta a Zariya? Wasu na cewa ita ke ba jami'a wuta.

Malam Habibu Samaru: Da gaske ne akwai, ƙanwata, amma ba ta ba kowa wuta. Sunanta NIRR-1, tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT. Ƙirar ƙasar Sin ce, an same ta ta hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fara aiki a Fabrairun 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, shi ma na zafi ne, ba na lantarki ba. Zuciyarta, wato inda makamashin yake, ƙarama ce ƙwarai, tana nutse cikin ruwa. Amfaninta nutiron ɗin da take fitarwa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fitowa daga cikin zarra. Ana sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a ƙaramar robar da iska ke turawa ta bututu zuwa kusa da zuciyar, nutiron su buge shi, a fito da shi a auna hasken gama da yake fitarwa. Daga nan ake gane sinadaran da ke cikinsa ko da kaɗan ne ƙwarai. Masu binciken ma'adinai da na noma suna amfana da ita.

Amma a wurina babban amfaninta mutanen da ta haifar. Duk ƙanƙantarta, sai mai lasisi ke kunna ta. Akwai littafin da ake rubuta kowane motsi, akwai mai kula da kariya daga radiyeshan, akwai lissafin makamashin da ke ciki wanda sufetocin IAEA ke zuwa su duba. Ɗabi'un da babbar tasha ke buƙata ke nan, kuma ba a koyon su a allo.

Kuma ga misalin haɗin gwiwar da nake so. Da farko tana amfani da yuraniyom da aka tace zuwa kusan kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa mugun hannu. A 2018 aka sauya mata zuciya da mai kashi 13, aka mayar da tsohuwar Sin a ƙarshen shekarar. Amurka da Sin da IAEA da wasu ƙasashe sun sa hannu da kuɗi da kayan aiki, amma lissafin tsaron sabuwar zuciyar da 'yan Zariya aka yi shi, shekara da shekaru suna aiki tare da ɗakin binciken Argonne na Amurka. Baƙi sun tafi, ilimin ya zauna a Samaru.

Abdul Nima: Salamu alaikum daga Ankara, babban birnin Gana. Malam Habibu, ka bar wani abu a labarin. Mu muka fara yin wannan sauyi a 2017 da tamu riyaktar, GHARR-1 da ke Kwabenya, wadda ƙirarsu ɗaya da taku, ta girme ta da kusan shekara goma. Bayan mun gama sai aka kafa wurin gwaji a nan, ma'aikatanku na Zariya suka zo suka yi ta maimaita yadda ake ciro zuciyar a sa ta cikin tukunyar ɗauka kafin su taɓa ta gaske. Baƙar fata ya koya wa ɗan'uwansa, ba sai an je Turai ba.

Baba Injiniya, mu ma mun ɗanɗani irin Ajaokuta. Nkrumah ya aza harsashin ginin riyakta a Kwabenya a Nuwamban 1964 da taimakon Sobiyet, juyin mulkin 1966 ya tsayar da komai. Sai 1994 riyakta ta kunnu a wurin. Abin da ya bambanta shi ne hukumarmu ta makamashin nukiliya ba ta mutu ba, ta ci gaba da aikin noma da lafiya da auna radiyeshan. A 2006 ita da Jami'ar Gana suka buɗe makarantar digiri na biyu da na uku ta kimiyyar nukiliya, SNAS, IAEA ta amince da ita a matsayin cibiyar horarwa ta yankin Afirka. 'Yan ƙasashe da dama suna zuwa, har da 'yan Najeriya. A 2015 aka yi dokar da ta ware hukumar sa ido daban, a 2018 aka kafa kamfanin da zai mallaki tasha. A 2025 Amurka ta taimaka aka buɗe na'urar kwaikwayon ɗakin sarrafa ƙaramar riyakta ta kamfanin NuScale a makarantar. Har yanzu ba mu da tasha, gaskiya ne. Amma ranar da za a zauna ciniki da mai sayarwa, akwai 'yan ƙasa da za su karanta takardunsa su gane inda ya matse mu.

Nura: Ina gaida iyaye da yayye. Ni ina Rasha ina digiri na biyu a fannin, bari in faɗi abin da nake gani da idona. Rosatom tana ware guraben karatu ga ƙasashen da take son yin ciniki da su. Akwai jami'ar MEPhI a Mosko da reshenta na Obninsk, garin da aka fara haɗa tashar nukiliya da layin wuta a 1954. Akwai jami'ar fasaha ta Tomsk a Saiberiya wadda ke da riyaktar bincike tata, ɗalibai na yin darasi a kanta. Wasu kwasa-kwasan da Turanci ne, wasu sai ka yi shekara guda kana koyon Rashanci tukuna.

Bambancin da ke tsakanina da abokan karatuna shi ke hana ni barci. Turkiyya ta fara turo ɗalibai tun 2011 saboda tashar Akkuyu, kowanne ya san in ya gama kamfanin tashar zai ɗauke shi. 'Yan Bangladesh suna da tashar Rooppur da aka fara ginawa a 2017. 'Yan Masar suna da El Dabaa, riyakta huɗu, an fara zuba siminti a 2022, kuma tun kafin haka sun buɗe makarantar fasaha ta sakandare a garin Dabaa ɗin don yaran da za su zama masu gyara da kula da injina. Su suna karatu ne da sanin kujerar da za su zauna. Mu kuwa kowa na tambayar ɗan'uwansa, in ka gama ina za ka? Wani yayanmu da ya riga mu ya koma gida da sakamako mai kyau, ya yi ta kai takardu ofis-ofis har ya gaji, yanzu darasin lissafi yake koyarwa a makarantar kuɗi. Ba raina koyarwa nake yi ba, Malam Habibu, amma ba don ita aka kashe masa kuɗin ba. Don haka maganar Baba Injiniya tana da ƙafa.

Malam Habibu Samaru: Ban ji haushi ba, Nura. Amma bari in kawo ɗaya gefen. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba Koriya ta Kudu kwangilar tashar Barakah a Disamban 2009, riyakta huɗu, megawat 5,600. Kuɗi ba matsalarsu ba ne. An tsara ta farko ta fara aiki a 2017. Gini ya kammala, amma sai Fabrairun 2020 hukumar sa idonsu ta ba da lasisin aiki, wuta ta hau layi a Agustan shekarar. Cikin manyan dalilan jinkirin akwai cewa ma'aikatan da za su sarrafa ta ba su gama horo da samun lasisi ba. Ƙasar da ke iya ɗauko ƙwararre daga ko'ina a duniya ta biya shi, ita ce ta zauna da ginanniyar riyakta tana jiran mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. IAEA kanta a tsarin matakanta ta ce ƙasar da ke farawa tana buƙatar shekara 10 zuwa 15, kuma cikin batutuwa 19 da take dubawa akwai samar da ma'aikata. Ta zo ta duba mu a 2015.

Injiniya Bala: Amma lura, su sun sa hannu a kwangila tukuna. Horon ya bi kwangila, ko da ya makara. Gara jinkirin shekara uku da asarar tsara guda.

Dakta Rabi: Ina ganin kowannenku ya riƙe rabin gaskiyar ne domin ma'aikatan ba iri ɗaya ba ne. Mai zama a ɗakin sarrafawa, shi kam Baba ya yi daidai, ba a horar da shi sai an san irin riyaktar da za a saya, domin lasisinsa na wannan injin ne takamaimai, kuma in bai yi aikin ba ilimin dushewa yake yi. Amma mai sa ido, da lauyan da zai karanta kwangila, da masanin ƙasa da zai ce wurin nan ya dace ko bai dace ba, da malamin da zai koyar da na baya, waɗannan dole su riga kwangila. Kuma ina roƙon a kula da wani abu: kada mai sayar maka da riyakta ya zama shi kaɗai ya horar da wanda zai bincike shi. Ba zargin Rasha nake yi ba, ko Koriya ce ko Amurka ko Sin haka zan ce. Wanda duk iliminsa daga hannu ɗaya ya fito, abin da aka nuna masa kaɗai zai iya gani. Sufeto ya kamata ya zauna da hukumomin sa ido na ƙasashe daban-daban, ya je Koeberg kusa da Cape Town inda 'yan Afirka ta Kudu ke sarrafa tasha tun 1984, ya ga yadda nasu masu sa idon ke aiki.

Usman Panteka: Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, walda nake yi a Kaduna, yaro ne ke taya ni rubutu. Tun ɗazu ina jin digiri da dakta. Mu masu aikin hannu babu namu a ciki ke nan?

Injiniya Bala: Malam Usman, naku ya fi na kowa yawa, kuma na ji daɗi da ka yi magana. Tasha bututu ce da famfo da bawul da waya da siminti. Masu fiziks kaɗan ne a ciki. Mafi yawan ma'aikatan masu gyaran injina ne, da masu lantarki, da masu kula da na'urorin awo, da masu gwajin ruwa. Lokacin gini kuwa dubban masu walda da magina ake nema.

Dubi Faransa, wadda ta fi kowace ƙasa dogaro da nukiliya wajen wuta. Sun daɗe ba su gina sabuwa ba, tsofaffin gwanaye suka yi ritaya. Da suka fara gina riyakta ta uku a tashar Flamanville a 2007 suna sa ran gamawa a 2012, sai Disamban 2024 ta hau layi, kuma waldar da aka gano ba ta kai ƙa'ida ba aka sake ta tana cikin abin da ya cinye shekarun. A 2022 da aka ga tsatsagewa a bututun wasu tashoshinsu, sai da suka ɗauko masu walda daga Amurka da Kanada. Daga baya suka buɗe makarantar walda ta musamman a yankin Cherbourg. Ƙasar da ke da manyan farfesoshi, hannun mai walda ne ya gagare ta.

Sai dai waldar can ba irin ta ƙofa da taga ba ce. Kowane ɗinki akwai takardar da ta faɗi irin ƙarfen da irin sandar da zafin da za a yi amfani da shi, da lambar wanda ya yi, sannan a ɗauki hotonsa a duba cikinsa. Mai walda yana cin jarrabawa kan kowane irin ɗinki daban, kuma shaidarsa tana ƙarewa in ya daɗe bai yi ba. In gwamnati za ta kashe kuɗi a nan, ni ba ni da ja ko kaɗan, domin wanda ya kai wannan matsayi bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano zai ɗauke shi, matatar mai za ta ɗauke shi. Ko tasha ba ta zo ba bai yi asara ba.

Usman Panteka: Allah ya saka da alheri, Baba. A ina ake samun irin wannan shaidar?

Injiniya Bala: Fara tambaya a makarantar horar da ma'aikatan man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta, suna da sashen walda. Ka nemi koyon waldar argon ta bututu, ita ce ƙofar.

Mahamadu ɗan Arlit: Ina gaisuwa ga kowa. Ku kuna maganar tashar da ba a gina ba, mu a Nijar muna da abin da ya fi shekara hamsin a ƙasa. Ma'adanar Somaïr ta fara fitar da iraniyom a Arlit a 1971, ta Cominak ta biyo baya a Akokan har aka rufe ta a Maris 2021. A tsawon wannan lokaci an samu 'yan ƙasa gwanayen haƙa, da masana duwatsu, da masu aikin izin inda ake mayar da dutse garin nan mai ruwan ɗorawa, da masu auna radiyeshan a jikin ma'aikata. Lakkwal ɗin EMAIR ta Agadas da EMIG ta Yamai sun yaye da yawansu. Amma iliminmu a bakin ganga yake tsayawa. A da, da an rufe ganga an ɗora a mota zuwa Kwatano, sauran aikin duka, sauya shi da tace shi da ƙera sandunan makamashi da ƙona su a riyakta, a Faransa ake yi, kuma ba a taɓa tsara cewa ɗan Nijar zai koye shi ba. A lokacin iraniyom ɗinmu na haska Paris, mu kuma mafi yawan wutarmu daga Najeriya muke saye, ta layin Birnin Kebbi. Da aka yanke ta a Agustan 2023 kowa ya ga halin da Yamai da Dosso suka shiga.

Muna da hukumar makamashin nukiliya, HANEA, muna da cibiyar binciken radiyo-aizotof a Jami'ar Abdou Moumouni, IAEA ta zo ta duba shirinmu a 2018. Yanzu gwamnati ta karɓe Somaïr, ana maganar sababbin abokan hulɗa. Abin da nake so a rubuta a kowace sabuwar yarjejeniya, ko da wa za a yi ta, shi ne abin da za a koya wa 'ya'yanmu, da inda za su yi aiki da shi, da shekarar da ɗan ƙasa zai karɓi kowace kujera daga hannun baƙo. Kuma Baba Injiniya, layinku ya yi ƙanƙanta, namu ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Babu ƙasarmu guda da za ta ɗauki babbar riyakta ita kaɗai. In layukan Afirka ta Yamma za a haɗa su ɗauke ta, me ya sa ba za a haɗa makarantun ba? Daga Maraɗi zuwa Zariya tafiyar yini ce.

Abdul Nima: Akwai yarjejeniyar AFRA tun 1990 da aka yi don irin wannan, ƙasashen Afirka su horar wa juna ƙarƙashin IAEA. Matsalar da nake gani harshe ce, ku Faransanci mu Ingilishi.

Mahamadu ɗan Arlit: Wanda ya iya zuwa Saiberiya ya koyi Rashanci cikin shekara guda ba zai kasa Ingilishi a Zariya ba, inda ko a kasuwa da masallaci Hausa zai ji.

Injiniya Bala: Akwai wani abu da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi damuna fiye da layi. A 1979 a tashar Three Mile Island ta Amurka wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya zuciyar riyakta yana zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna an ba bawul ɗin umarnin rufewa, suka ɗauka ya rufu. Suka rage ruwan gaggawa da hannunsu domin horon da aka ba su ya fi tsoratar da su kan cikar ruwa fiye da ƙarancinsa. Wani ɓangare na zuciyar ya narke. Bayan haka kamfanonin suka kafa cibiyar kula da ingancin aikin tashoshin nukiliya, INPO, aka sake tsarin horo gaba ɗaya. Yau ma'aikacin ɗakin sarrafawa a can, duk bayan 'yan makonni yana barin aiki ya koma na'urar kwaikwayo mako guda, a jefa masa matsaloli a ga yadda zai yi, har ya yi ritaya.

Cikin abin da ake koya musu akwai cewa ƙaramin ma'aikaci yana da iko, kai wajibi ne a kansa, ya ce a tsaya in ya ga abin da bai gane ba, ko da shugaban tashar ne a tsaye. Mu kuma mun tashi da tarbiyyar cewa yaro ba ya musa wa babba, ba ya ɗaga ido ya ce ranka ya daɗe ba haka ba ne. Tarbiyya ce mai kyau a gida, ina alfahari da ita. A ɗakin sarrafa riyakta tana iya kashe mutane. Na sha ganin yaro ya hango kuskure a wurin aiki ya yi shiru saboda kunyar oga. Wannan ba a Mosko za a cire masa shi ba, domin in ya dawo ogan gida zai tarar. Manyan ne ke buƙatar horon kafin yaran.

Dakta Rabi: Wallahi Baba ka taɓo inda yake ciwo. A asibiti ma haka ne. Masanin fiziks dole ya iya ce wa babban likita yau ba za a kunna injin nan ba, awonsa bai yi daidai ba, alhali majinyata sun cika layi, wasu daga nesa suka zo, sun sayar da abin hannunsu. In mace ce kuma ƙarama, nauyin ya ninka. Masu jiragen sama sun riga mu gane wannan, suna koya wa mataimakin matuƙi yadda zai ƙalubalanci kyaftin. Kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya tana nan kusa da CERT, akwai abin da za su koya wa juna.

Fa'iza: Anti Dakta, ni duk da abin da Yaya Nura ya faɗa ina son fannin. Ta ina zan fara?

Dakta Rabi: Ki riƙe lissafi da kyau, ki koyi rubuta manhajar kwamfuta, domin yawancin aikin riyakta da na asibiti yanzu lissafin kwamfuta ne. Ki nemi yin aikin sanin makama ko binciken kammala digirinki a CERT, ko a cibiyar CERD ta Ile-Ife inda suke da na'urar harba ƙwayoyin zarra. In kin kai digiri na biyu, IAEA tana da tallafin Marie Skłodowska-Curie da ta fara a 2020, na mata ne zalla, yana biyan kuɗin makaranta da na zama, kuma da kanki za ki nema ta intanet bayan kin samu gurbin karatu. Sauran guraben horon IAEA yawanci sai hukumar ƙasarki ta miƙa sunanki, don haka sai kina aiki a wata cibiya. Akwai kuma cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 don masana daga ƙasashe irin namu, suna da difloma ta shekara guda da gajerun kwasa-kwasai tare da IAEA. Shawarata ki zaɓi reshen da ke da aiki yau, fiziks na asibiti ko kariya daga radiyeshan. In tasha ta zo, daga nan ake ɗibar mutane.

Nura: Ƙanwata, ki ƙara da wannan: kafin ki karɓi kowane tallafin karatu na waje, ki tambaya a rubuce ko akwai wurin aikin da ke jiranki, kuma ko takardar shaidar za ta karɓu a gida ba tare da wahala ba. Mu ba mu tambaya ba.

Malam Habibu Samaru: Baba Injiniya, in na fahimce ka yanzu, ba ka ja da horar da masu sa ido da masu walda da na asibiti. Masu ɗakin sarrafawa ne kawai kake cewa a jira.

Injiniya Bala: Su, da duk wani shirin kwasar yara ɗari-ɗari a kai waje don a ce an yi. Sharaɗina uku ne kafin in yarda da wannan: a ga kwangila da kuɗinta a ƙasa, a ga layin wuta ya ninka aƙalla sau biyu yana kuma tsayawa, a ga takardar ɗaukar aiki a hannun yaro kafin ya hau jirgi. Kuɗin da ya rage a zuba shi a CERT da Sheda da kwalejojin fasaha, a biya malaman da ke can albashin da zai hana su tafiya. Waɗanda suka yi aikin sauya zuciyar riyaktar nan a 2018, nawa ne cikinsu suka kusa ritaya, kuma wa ke tsaye a bayan kowannensu yana koyo? Malam Habibu, kai ne a Samaru, ka bincika mana wannan ka dawo da amsa.

Malam Habibu Samaru: In sha Allahu zan tambaya, Baba. Mahamadu, turo mini lambarka ta akwatin sirri, akwai wani malami a sashen fiziks da nake so ku yi magana kan ɗaliban Maraɗi da Damagaram.